Takalmi Talatin da Ɗaya, Duk na Ƙafar Dama

A layin nan babu mai kiransa da wani suna sai Baba Dunduniya, kuma shi ya jawo wa kansa. Shekara arba'in da 'yan kai yana gyaran takalma a wani ɗan shago da ke maƙale tsakanin shagon aski da kantin magani. Duk wanda ya miƙo masa takalmi, kafin ya gama amsa gaisuwa sai ya kifa shi ya dubi dunduniyar, daga nan mutum ya ji abin da bai tambaya ba. "Kai, gwiwarka ta hagu na damunka." Ko kuma, "Baiwar Allah, ki daina rataya jaka a kafaɗa ɗaya." Wata mata ta taɓa kawo takalmin mijinta, ya duba ya ce ai mutumin ya bar tuƙi ya koma tafiyar ƙasa. Ashe wata biyu ke nan da sallamarsa daga aiki, bai faɗa a gida ba. Tun daga ranar matan layin suka riƙa kawo takalman mazajensu ko da lafiyarsu lau, mazan kuma suka koma kai nasu can wata unguwa.

Cikin 'ya'yansa huɗu, babbar ce ta ɗauko wannan karatu. Shi yana kiranta Uwata, sauran jama'a kuwa Malama suke ce mata, domin koyarwa take yi a makarantar firamare. Tun tana 'yar shekara takwas yake zaunar da ita kan benci ya miƙo mata takalman mutane. Ya nuna mata cewa mai lafiya, dunduniyar takalminsa daga gefen waje take ɗan cinyewa, hagu da dama daidai, kuma saman takalmin yana karyewa a inda yatsu ke lanƙwasawa. Wanda ke lallaɓa ƙafa ɗaya kuwa, ɗaya takalmin ne ke shan wahala, na ƙafar mai ciwo kuma gefen cikinsa ne ke gogewa. Ya ce mata mutum zai iya ce miki yana lafiya alhali yana jin jiki, amma takalminsa ba zai taya shi rufa asiri ba. Ta riƙe wannan magana gam, kuma da ita ya yaudare ta shekara da shekaru.

Tana shekara goma sha biyu wani mai babur ya buge shi a bakin titi, idon sawunsa na dama ya karye gida biyu. Aka ɗaure ƙafar da filasta aka ce ya kwanta wata uku. Ya yi sati biyar, ya dubi baki shida da ke jiran abinci, ya ɗauko wuƙar yankan fata ya tsage filastar da kansa ya koma shago. Ƙashin ya haɗe, amma ya ɗan karkace. Shekara goma sha biyar ƙafar ta yi shiru kamar ta yafe masa. Ba ta yafe ba, tana nan a hankali tana cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gaɓar, har ƙashi ya fara gogar ƙashi.

Malama ta san yana ɗan ɗingishi, kowa ma ya sani. Abin da ba ta sani ba shi ne girman abin. Tun da ta yi aure ta koma ɗaya gefen garin, duk ranar Asabar take zuwa gida da hantsi, kuma kafin ta yi sallama sai ta sunkuya a bakin ƙofa ta kifa takalman Baba. Baƙaƙe ne masu igiya, kullum a goge. Sai ta ga dunduniya biyu sun cinye daidai wa daida, saman ya karye inda ya kamata, hankalinta ya kwanta. Ta shiga ta same shi a kujerarsa ta falo, rediyo a kan cinya, yana tsokanar Inna wai shayinta ruwan wanka ne aka sa wa sukari.

"Baba, ya ƙafar?"

"Wace ƙafa? Kin duba takalmi ai, na ji ki a bakin ƙofa. Me ya ce miki?"

"Ya ce kana nan garau."

"To, ki yarda da shi."

Ba ta taɓa tambayar kanta me ya sa duk Asabar a zaune take samunsa, a zaune kuma take barinsa ba. Mutum in ya yarda da iliminsa, ba ya ganin abin da ke gaban hancinsa.

Ranar wata Talata tana tsakiyar darasi mai askin da ke maƙwabtaka da shagon ya kira ta a waya. Shi da Baba sun yi shekara talatin suna zagin juna da safe suna raba shayi da rana. Ya ce mata tsohon ya zo hawa 'yar matattakalar shago ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube, kuma da aka zo ɗaga shi ya ce a bar shi, wai hutawa yake yi. Mutum uku suka ciccibe shi zuwa mota.

A asibiti ne Malama ta ga ƙafar uban da ya haife ta ba safa, karo na farko cikin shekaru. Idon sawun ya kumbura ya yi sumul, ba a ma gane inda ƙashin yake, tafin ƙafar ya juya waje. Likitan ƙashi, wata mace mai magana a hankali, ta ɗaga hoton ƙashin ta nuna mata inda ya kamata a ga 'yar tazara tsakanin ƙasusuwa. Babu tazarar ko ta shigar allura. Ta ce amosanin gaɓa ne da ya kai matuƙa, kuma abin da ya rage shi ne tiyata: a haɗe ƙasusuwan da kusoshi su zama ɗaya. Ciwon zai ragu sosai, amma gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasawa ba har abada.

"Ai na faɗa masa haka shekara biyu da suka wuce," in ji likitar. "Ya ce zai je ya yi shawara da iyali."

Malama ta juyo ta dubi Baba. Baba ya sami wani abu mai ban sha'awa a jikin silin ya tsura masa ido.

Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba, rabi don shi, rabi don kanta. Da suka koma gida ba ta yi wata-wata ba, ta zura hannu a aljihun rigarsa da ke rataye ta ɗauke mukullin shago. Ta ce shago ya ƙare. Akwai wani mai sayar da wayoyi da ya daɗe yana son wurin, za ta kwashe kayan ta ba shi, Baba kuma ya zauna a gida 'ya'yansa su riƙe shi, ai don haka aka haife su. Ƙannenta duk sun goyi bayanta ta waya. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, Malama ta ce, "Inna, ke ma da ke aka haɗa baki, ki bari kawai." Baba dai ya bi mukullin da ido har ya shige jakarta, ita kuma ta ga kallon ta yi kamar ba ta gani ba.

Washegari da safe ta je kwashe shagon, mai aski ya zo taya ta. Suka tattara guduma da basilla da gwangwanayen gam, da ƙafafun katako da yake ɗora takalmi a kai, da tarin robar taya da ya yanka. Can ƙurya akwai wani labule da ta ɗauka taga ce a bayansa. Da ta yaye sai ta ga kanta mai hawa huɗu, an jera takalma a kai tsaf. Ta ƙirga, talatin da ɗaya. Duk na ƙafar dama ne, duk lambar ƙafar Baba, kuma in ban da na ƙarshe, kowanne an rubuta masa wata da shekara da farin fenti a ciki.

Ta ɗauko na farko ta kifa. Shekararsa goma sha tara. Takalmi ne kamar kowane, sai dai an ƙara masa 'yar siririyar fata a gefen ciki. Ta ɗauko na biyar, ƙarin ya yi kauri. A na tara wuyan takalmin ya hau sama ya rufe idon sawu. A na sha huɗu ta ji nauyi, ta matsa ƙasan ya ƙi lanƙwasawa, mai aski ya ce ai ƙarfen tsohon zarto ya binne a ciki. Daga na ashirin ƙasan ya fara yin gwafa, gaba da baya sun ɗaga, tsakiya ya yi tudu kamar ƙafar kujerar lilo, yadda in mutum ya taka, takalmin ne zai mirgina da shi gaba, gaɓar ba sai ta motsa ba. Kowanne da aka taka kuma ya cinye irin cinyewar da ta san ma'anarta: gefen ciki a goge, baki a kankare saboda jan ƙafa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, ta ga shekarar da ya fara juya ƙafar waje, ta ga shekarar da ya daina taka dunduniya gaba ɗaya. Shekarar da ta haifi ɗanta na fari, takalmi uku ya canza. Ta nemi benci ta zauna.

"To, waɗanda nake gani a bakin ƙofa fa?"

Mai aski ya yi dariya har da buga cinya. "Waɗannan ai ba su taɓa taka titi ba. Na Asabar ne. Duk bayan wata biyu yake kawo su nan ya sa magagari ya ɗan ci dunduniyar, hagu kaɗan, dama kaɗan, ya lanƙwasa saman da hannu, ya goga musu ƙasa. Har ni yake miƙo wa ya ce, duba min, Uwata za ta gane? Na ce masa wallahi tsoho da jabun kuɗi ka koya da yanzu mun huta."

Ta kasa dariya, ta kasa kuka. Sai ta tambaye shi yadda Baba yake zuwa shago da wannan ƙafa, tunda bai taɓa yarda ya hau mota ba. Mai aski ya ce ta rufe shagon ta biyo shi. Ya kai ta har ƙofar gidan Baba, suka juyo, ya riƙa nuna mata hanya. Taku ɗari huɗu da ashirin ne daga gida zuwa shago, Baba ya ƙirga, kuma ya raba su gida shida. Taku saba'in, sai dakalin mai wanki, inda yake tsayawa ya tambayi lafiyar yara. Wani saba'in, sai turken wutar lantarki, inda yake jingina ya daidaita agogonsa da ba ya ɓata lokaci. Sai bencin mai gyaran keke, sai katangar makaranta, sai kantin kayan masarufi inda yake shiga ya tambayi kuɗin abin da ba zai saya ba. Tafiyar minti biyar, shi minti arba'in take ɗaukarsa. Duk layin sun ɗauka tsohon mai son gaisuwa ne.

"Ni kaɗai na sani," in ji mai aski, "don ni nake ganin gumin da ke keyarsa in ya iso."

A gida ta sami Inna a kicin, ta tsare ta, Inna ta faɗi sauran. Kullum da safe gaɓar a sandare take tashi, ko motsi ba ta yi. Sai Inna ta kawo ruwan ɗumi a baho ya tsoma ƙafar minti ashirin, sannan ya kama ta da hannu biyu yana juyawa a hankali, kana jin ƙarar ƙashin daga bakin ƙofa. Ya naɗe ta da bandeji, ya sa safa biyu, ya ɗaure takalmi. Maganin kashe zafi ya sha har ya fara ƙona masa ciki, likita ta hana, ya koma rabin ƙwaya ranar da abin ya yi tsanani. An yi masa allura a gaɓar sau uku, ta farko ta yi wata shida tana aiki, ta ƙarshe sati biyu. In ya dawo da yamma sai ƙanƙara a cikin tawul da matashi biyu a ƙarƙashin ƙafa. Sanda kuwa yana da ita, amma a bayan ƙofa take kwana, wai kada a gani a kai wa Uwata labari.

Malama ta koma shago ta zuba takalman a buhu biyu, ta kawo ta juye su a gaban kujerarsa. Ya dube su, ya dube ta.

"Kin karanta?"

"Na karanta, Baba. Me ya sa?"

"Saboda abin da kika yi jiya. Na san ranar da kika gane, ranar za ki rufe min shago. Ke fa ni na koya miki, na san ba kya wasa." Ya gyara zaman ƙafar da hannu. "Uwata, ciwon nan in ina zaune a gida shi kaɗai nake ji. In ina shago, ga guduma, ga mutane, ga wancan maƙaryacin mai aski, sai ya zama ɗaya daga cikin abubuwa. Ba taurin kai ba ne. To, da taurin kan ma, amma ba shi kaɗai ba."

Ta ɗago na ƙarshe, na talatin da ɗaya, wanda ya fi ɗaure mata kai. Sabo ne fil, ƙasansa bai taɓa ganin ƙasa ba, ba shi da kwanan wata, kuma gwafarsa ta fi ta sauran duka.

"Wannan fa?"

"Na bayan tiyata ne. Ranar da likitar nan ta yi min bayani na dawo na ɗaure ƙafata da katako biyu, na yi sati ina zagaya shago da ita a sandare, don in ji yadda ƙafar da ba ta lanƙwasawa take son a yi mata. Sau huɗu na ɓata kafin na samu. Tiyatar ba ta ba ni tsoro. Wata ukun kwanciyar ne. Na ce in na kwanta, kafin in tashi kun sayar da wurin."

Ta juya takalmin a hannunta. Ɗinkin ya yi kyau har ya ba ta haushi. Mutumin da ta ɗauka yana gudun gaskiya, ashe ya riga kowa isa wurinta, har ya auna ta ya yi mata takalmi ya ajiye. Abin ya cika ta da mamaki da wani irin kwarjini, kamar yau ta fara ganinsa.

Ba ta mayar masa da mukullin ba, amma ba ta kai wa mai wayoyi ba. Ta ce a yi tiyata tukuna. Ranar da suka koma asibiti ta tafi da buhunan, likitar ta sa aka jera takalman a kan gadon gwaji, ta daɗe tana bin su da kallo, sannan ta kira abokan aikinta biyu. Ɗaya ya tambayi Baba a ina ya yi karatu. Baba ya ce a ƙafarsa.

An sa kusoshi uku. Wannan karon Malama ta kwashe duk wata wuƙa ta gidan ta kulle a akwati, Inna ta ce ko albasa sai ta nemi izini kafin ta yanka. Sati shida bai taka ƙasa ba, wasu shida yana dogara sanduna biyu, yana masifa da kowa, yana gyara wa ma'aikatan asibiti takalmansu da baki. Ya rame, ya yi fari. Ranar da aka cire filasta ya sa aka miƙo masa na talatin da ɗaya, ya zura ƙafar, ta zauna ciki daram. Ya miƙe, ya yi taku ɗaya, takalmin ya mirgina da shi, ya tsaya yana sauraron jikinsa kamar mai jiran a kira shi. Sannan ya ce da Inna, a hankali, "Ciwon, babu shi."

Malama ta ce ya yi wata guda yana tafiya a layi da sanda, sannan a yi maganar shago. Da watan ya cika ta zo ranar Asabar kamar kullum. Ta sunkuya a bakin ƙofa, babu baƙaƙen nan masu igiya. Ta shiga ta same shi a tsaye, karo na farko cikin shekarun da ba ta iya ƙirgawa, riƙe da takalma biyu, hagu da dama, da ƙasar titi a jikinsu. Ya miƙo mata.

"Ban taɓa su ba. Karanta."

Ta kifa su. Na dama ya cinye a tsakiya, sumul, babu jan ƙafa. Na hagun ne ya ci gefe fiye da kima, kuma bakinsa ya ɗan kankare.

"Idon sawun ya yi shiru," ta ce. "Amma gwiwar hagu ta fara, kuma kana ɓoyewa. Ba ka riƙe sandar kullum. Matattakala tana ba ka wuya wajen sauka."

"Duk haka ne."

"Ba za ka musa ba?"

"Na gaji da magagari, Uwata."

Ta tsaya da takalman a hannu. Ba labari mai daɗi suka ba ta ba, amma na gaskiya ne, kuma shi da kansa ya miƙo. Ta ajiye su, ta buɗe jaka, ta laluba can ƙasa inda mukullin ya yi wata huɗu yana kwance tare da alli da jan biro. Ta ce sanda kullum, gwiwa kuma likita za ta gani ranar Litinin, sannan duk Asabar takalmin da ya yi aikin sati shi za ta tarar a bakin ƙofa. Ya ce ya ji. Ta sa mukullin a cikin takalmin dama ta miƙa masa.

Ranar Litinin bayan sun fito daga asibiti ta raka shi shago, tana bayansa da taku biyu. Ya wuce dakalin mai wanki ya ɗaga masa hannu kawai, ya wuce turken wuta bai dubi agogo ba. Mai gyaran keke ya matsa masa wuri a benci kamar yadda ya saba shekara goma sha tara, Baba ya ce masa sai an jima, yau yana sauri. Mutumin ya bi shi da kallo baki buɗe, sannan ya juyo ya tambayi Malama ko wani laifi ya yi wa tsohon.